Rabin Takardar Da Na Karanta Wa Ƙanena

Lokacin da wannan abu ya faru, ni kaɗai ne mai karatun boko a gidanmu, a wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Madawa da Buza. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, har na samu sartifika, na shiga kwaleji a Madawa, na faɗi jarrabawa sau biyu, na dawo gida da biro maƙale a aljihun gaban riga. Wannan biro shi ne sarautata. Duk wanda ɗansa ya aiko da wasiƙa daga kurmi, can kudu, ni yake nema. Duk wanda aka rubuta wa magani a asibiti ni nake faɗa masa sau nawa zai sha. Tsofaffi suna kirana mushe, yadda ake kiran malamin lakkwal a wajenmu, alhali ban taɓa tsayawa gaban allo na koyar da ɗan kowa ba, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Ina roƙon wannan mujalla ta sakaya sunana. Ba wani mutunci ya rage mini da nake tattali ba, sai dai mahaifiyarmu tana raye, kuma har yau ba ta san wannan magana ba.

Ƙanena da ke bi mini, uwa ɗaya uba ɗaya, ko wuni ɗaya bai yi a aji ba. Shekarar da aka zo ɗaukar yara, baba ya ce ya riga ya ba da ɗaya, wannan na gona ne. Ya tashi ƙaƙƙarfa, mai fara'a, irin mutanen nan da in sun iso majalisa kowa sai ya matsa musu wuri. A da ba na jin komai game da shi sai tausayi, kuma ina jin daɗin tausayin nan, don yana tuna mini cewa ni ne a sama. Da ya kawo ƙarfi ya tafi ci-rani ƙetaren iyaka, ya yi damina biyu yana aiki a gonar wani mai hali, sannan ya dawo gab da faɗuwar ruwa da famfon feshi rataye a baya da wani ɗan bido, wato ƙaramar jarka, na maganin ciyawa. Na yi masa dariya ranar. Na ce wasu suna dawowa da rediyo da keke, shi ya dawo mana da jakar ruwa.

Wanda ya san yankinmu ya san abin da ke kayar da manomi. Samari sun watse neman kuɗi, in damina ta kankama ba ka samun hannun da zai kama maka noma, ciyawa kuma ba ta jiran kowa. Gonar dawar baba ta fadama kullum ita ke cinye mu, ga ciyawa mai faɗin ganye, ga ƙuduji. A shekarar nan ƙanena ya ce a bar masa ita. Ya zagaye gefen da aka shuka wake, don ya ce maganin ba ya barin wake, ya fesa sauran cikin safiya biyu. Bayan 'yan kwanaki ciyawar ta murɗe ta kwanta, dawa ta tsaya kore shar. Mutane suka riƙa zuwa kallo kamar an yi haihuwa. Ran nan bayan la'asar muna zaune ƙofar gida, dattawa sun fi goma, baba ya buɗe baki ya ce to ga shi nan, wanda bai je lakkwal ba ya kawo wa gida abin da mai lakkwal bai kawo ba cikin shekara tara. Aka yi dariya. Ni ma na yi, haƙora kawai. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi a ƙirji, kuma ba da baba na ji haushi ba, da ƙanena na ji, wanda yake gefe ya sunkuyar da kai don kunya.

Ba a yi awa ɗaya ba ƙanena ya same ni bayan rumbu ina zaune ni kaɗai. Maganin da ya zo da shi ya ƙare, ya sayo wani a kasuwar bakin iyaka, kuma wannan ba irin wanda ya saba ba ne. Ya durƙusa, ya miƙo mini kwalbar da hannu biyu, ya ce yaya don Allah in duba masa abin da aka rubuta, kada ya ƙone wa mutane gona. Takarda ce manne a jikin kwalbar, mai ninki, an rubuta ta da Faransanci. Na warware ta. Na karanta masa awo, murfi kaza cikin famfo ɗaya, da lokacin da ya dace a fesa, da irin shukar da ba a kusanta. Yana ta gyaɗa kai yana maimaitawa. Sai idona ya sauka ƙasa, inda aka zagaye rubutu da jan layi. An ce kada maganin ya taɓa fata. A sa safar hannu ta roba, da doguwar riga da wando da takalmi rufaffe. A rufe hanci da baki. Kada a ci, kada a sha, kada a tauna komai ana cikin aiki. Kada a yi feshi ana fuskantar iska. A yi wanka da sabulu da an gama, a wanke tufafin daban. Kada a sake zuba komai cikin kwalbar. Na karanta wannan duka a zuci, na ninke takardar. Ya tambaye ni ko shi ke nan. Na ce masa shi ke nan, sauran sunan kamfani ne da yabon kayansu.

Zan faɗi abin da ke raina a lokacin ba tare da na gyara shi ba. Ban yi nufin kashe shi ba, Allah shi ne shaidata, ban ma san abin yana iya kaiwa can ba. Na ɗauka iyakarsa ƙaiƙayi da ƙuraje. Lissafina shi ne ya ɗan sha wuya, fatarsa ta yi bororo, ya dawo wurina a gaban mutanen nan da suka yi dariya, ni kuma in zaro biro in ce ai ga abin da ilimi ya ce. Ina son a gane cewa famfo ba ya aiki sai da mai karatu. Ƙyashi ne tsagwaronsa, na sa masa rigar dabara.

Bai dawo ba. Ƙurajen sun fito, kansa ya yi ta ciwo, amma sai ya bi abin da masu feshi ke faɗa wa juna, wai nono yana kashe dafi. Kullum ya tashi daga aiki sai ya sayi ƙwaryar nono wurin matan Fulani ya shanye, ya ce ya wanke ciki. Da idona na sha ganin yadda yake aikin. Yana naɗe hannun riga ya tsoma hannu har gwiwa ya dama maganin cikin bokiti. In bakin famfon ya toshe sai ya cire ya hura da bakinsa. Famfon ya tsufa yana yoyo, rigar bayansa kullum sharkaf, ta bushe a jikinsa ta sake jiƙewa. Ƙafa ba takalmi, goro a kumatu, in rana ta take ya zauna gindin gawo ya dama fura da hannun nan. Ɗaya daga cikin bidunan da suka ƙare ya ɗauraye ya mai da shi na ruwan shansa. Ina wucewa in ce masa sannu da aiki, ya ce yaya sannunmu.

Kuma sai Allah ya buɗa masa, abin da ya ƙara rura mini wuta ke nan. Daga ƙauyukan Tama ake aiko masa, daga wajen Bangi, har kwarin Keita an sha ɗaukarsa. Ya sayi babur, ya yi aure, ya ta da ɗaki na siminti alhali ni ina kwana cikin na laka. Aka laƙaba masa likitan gona. Ni kuma wayar hannu ta shigo ta kashe mini kasuwa, ba mai sauran buƙatar a karanta masa wasiƙa, ɗansa zai kira shi ya ji muryarsa. Masu ce mini mushe suka ragu, sai 'yan tsofaffin da bakinsu ya saba. In na ji ƙarar babur ɗinsa ya shigo gari yara na bin sa, sai abinci ya fita raina. Ba ya shigowa hannu sake, ko tsire ne ko buhun albasa sai ya aiko gidana, ni kuwa kowace kyauta tasa ji nake kamar mari. Na sha ƙudurta cewa yau zan faɗa masa. Ranar sunan ɗansa na fari har na kama hannunsa na ja shi gefe, sai maroƙi ya ɗaga murya yana yi masa kirari, yana cewa shi ne ƙanen da ya zama wa. Na saki hannun, na ce masa dama barka zan ƙara yi masa.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne ni na kiyaye kaina sarai. In zai fesa mini tawa gonar, kyauta yake yi mini, sai in hana iyalina zuwa wajen har kwana uku. Da ya aiko wa matata da bidunan da suka ƙare don ta riƙa zuba mai, na kwashe su na jefa cikin wani tsohon rami na rufe da ƙasa. Ta tambaye ni dalili, na daka mata tsawa na ce ba na son ragowar kowa a gidana. Ta ɗauka girman kai ne irin nawa da ta saba gani. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Ciwon ya fara da wani ɗan ƙullutu a wuyansa, ba zafi ba komai, har yana wasa da shi yana cewa ƙiba ce ta rasa wurin zama. Sai wani ya fito a hammata. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, gumi yana jiƙa masa shimfiɗa, mutumin da ke ɗaga buhun hatsi shi kaɗai ya koma wandonsa na zamewa. Nan da nan gari ya ɗauka cewa sammu ne, an ga ya samu an yi masa baƙin ciki. Mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta ce ni ne babba kuma ni ne mai ilimi, in zauna in yi tunani da kyau in gaya mata wa nake zato yana hassadar ɗanta a garin nan. Na zauna a gabanta kan tabarma ina kallon ƙasa. Har sunayen mutum biyu ta kawo, bayin Allah da ba su ji ba su gani ba, ni kuwa na ce mata a bar wa Allah. An sha rubutu, an yi turare, an yi sadaka, ƙullutun sai ƙaruwa.

Daga asibitin Madawa aka tura mu Tawa, daga Tawa aka ce sai Yamai. Ni na raka shi, don ni ke jin Faransanci. Aka yanki ɗan nama daga wuyan aka auna, muka yi jira, sannan likita ya kira mu ya ce ciwon daji ne, irin wanda ke kama kaluluwa. Likitan ba ya jin Hausa sosai, saboda haka ni ne tafinta tsakaninsu. Ya tambayi sana'arsa, na faɗa. Ya tambayi shekara nawa, da irin maganin, ƙanena ya ciro wata tsohuwar kwalba daga jakarsa, don ya zo da ita ko za a tambaya. Likita ya juya ta ya karanta. Ya ce wannan yana cikin dangin magungunan ciyawa da ake kira fenoksi, kuma su da wasu 'yan uwansu da ake kira kulorofenol, masu bincike sun daɗe suna zargin cewa wanda ya shekara da shekaru yana cuɗanya da su ba kariya ya fi shiga haɗarin irin wannan ciwo. Ya ce shi ba zai rantse cewa maganin ne ya jawo ba, don akwai masu kamuwa da ba su taɓa riƙe famfo ba, akwai kuma masu feshin da suka tsufa lafiya. Amma ya ce da ɗan'uwansa ne, ko kwana ɗaya ba zai bar shi ya taɓa wannan abu da hannu tsirara ba.

Sai likita ya ce in tambayi ƙanena, duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gaya masa ya rufe jikinsa? Da bakina na juya tambayar zuwa Hausa. Ƙanena ya ce an taɓa. Ya ce wani malamin gona ya taɓa tsayar da shi a kasuwar Buza, ya ga hannunsa duk ya sassaɓe, ya yi masa faɗa ya ce ya nemi safar hannu da abin rufe hanci. Shi kuma ya ba shi amsa cewa yayansa ya yi lakkwal har kwaleji, ya karanta masa takardar maganin tun daga sama har ƙasa, kuma babu wannan zance a ciki. Ya ce ba sau ɗaya ba, duk wanda ya kawo masa irin wannan magana haka yake gaya masa, don in da akwai, da yaya ya faɗa. Yana maganar yana kallona yana murmushi, irin na mai alfahari da nasa. Likita yana jira in fassara. Na ce masa ƙanena ya ce bai sani ba.

Kwana huɗu na yi ina yawo da wannan a ciki. Ran na biyar da hantsi, bayan an ɗaura wa ƙanena ruwan maganin farko, muna zaune ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin, na gaya masa. Ban rage komai ba. Na faɗi dariyar ƙofar gida, da jan layin, da ƙurajen da na yi masa fata, da bidunan da na binne. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗaga hannun nan da ya rame ya kwaɗa mini mari. Bai yi ba. Sai kawai ya ce to yaya, me aka rubuta a wurin? Ya ce in faɗa masa yanzu. Ban nemi kwalba ba, don na haddace abin tun ranar, layi bayan layi na zayyana masa. Da na kai ƙarshe ya jira ko akwai saura, ya ga babu. Sai ya ce ashe ma ba ta da tsawo.

Yanzu yana gida, muna komawa Yamai duk lokacin da suka sa mana. Gashinsa ya zube, wani zuwan a ce an ga sauƙi, wani zuwan likita ya yi ta juya takardu kawai. An sayar da babur ɗin. Bai ce ya yafe mini ba, bai ce bai yafe ba, bai kuma faɗa wa kowa ba, yana nan yana ce mini yaya kamar da. Kullum ƙofar ɗakinsa cike take da masu dubiya, daga garuruwan da ban taɓa takawa ba, kuma don ku san irin cutar da ke jikina, akwai ranar da na tsinci kaina ina tunanin ko ni na kwanta mutum nawa za su zo. Na yi istigfari, amma tunanin ya riga ya zo.

Ban san ko maganin ne ya sa masa ciwon ba, likita ma bai sani ba, kuma na gane ba zan taɓa sani ba har in koma ga Allah. Abin da na sani shi ne an ba ni amanar ido, na ci. Ku masu feshi, na fadama da na tudu, nono ba ya wanke komai. Ku rufe jikinku, ku daina dama magani da hannu, ku daina hura bakin famfo, kada ku sha ruwa cikin bidon da ya taɓa ɗaukar magani, in kuma kun ji ƙullutu a wuya ko hammata ku je asibiti tun yana ƙarami. In an karanta muku takarda, ku kai wa mutum na biyu ya sake karantawa, ko da na farkon uwarku ɗaya da shi. Ku kuma da Allah ya ba ku karatu a cikin dangin da ba su da shi, ku ji tsoron ranar da za a miƙo muku takarda da hannu biyu alhali zuciyarku tana ciwo da mai miƙowar. In ba za ku iya ba, ku ce idonku na ciwo, ya kai wa wani. Kwanan baya na ari kwalba wurin wani mai feshi, na aje agogo a gabana, na karanta wurin jan layin da ƙarfi, a hankali, yadda ya kamata in karanta wa ƙanena bayan rumbu. Bai kai minti biyu ba.